Fedal ɗin gita na jaka 20 da na jaka 200: ina bambancin yake?

A ƙarshen shekarar 2024 kamfanin Behringer ya fito da wani ɗan akwatin sauti na gita mai ruwan zinariya, ya yanka masa kuɗi dalar Amurka 69, wato wajen jaka 40 a kuɗinmu. Akwatin ya yi kama ƙwarai da Klon Centaur, wani shahararren fedal na Amurka, wanda ko tsohonsa a kasuwannin Turai da Amurka da wuya a same shi ƙasa da sefa miliyan biyu. A 2025 mai Klon ɗin, Bill Finnegan, ya kai ƙara kotu a Amurka, Behringer kuma ya sauya sunan da ke jikin nasa.

Mai kaɗa gita a Damagaram da ya ci karo da wannan labari a wayarsa dole kansa ya ɗaure. Yana ganin Bombino da Mdou Moctar a kan dandamalin ƙasashen waje da ƴan akwatuna a gaban ƙafafunsu. Yana ganin ɗan kasuwa ya dawo daga Kano da wasu masu kama da su a kan jaka 20 ko 25. Sannan yana jin ana cewa na ainihi sai “na butik”, kuma wai in ba ka da kwamfiresa sautinka ba zai taɓa yin tsabta ba. Kowace daga cikin waɗannan maganganu tana da gaskiya a ciki, amma ba duka ba.

Kalmomi uku da ke rikita mutane

Fedal ɗan akwati ne da ake sawa tsakanin gitar lantarki da amfili. Waya ɗaya ta fito daga gita ta shige shi, wata ta fita daga gare shi zuwa amfili, ana kunna shi da kashe shi da ƙafa saboda hannuwa biyu suna kan aiki. Wani yana sa wa sauti kaushi, shi ne makaɗa ke kira disto ko fuz. Wani yana maimaita sauti kamar amsa-kuwwar dutse, wani yana sa gita ɗaya ta yi kamar biyu.

Butik a bakin ɗan Zinder shago ne, inda ake sayen sukari da sabulu. A harkar gita ma'anar daban ce: ana nufin fedal ɗin da ƙaramin wurin ƙira ya haɗa, kaɗan-kaɗan, sau da yawa da hannu, saɓanin na manyan masana'antu irin Boss da Ibanez na Japan. Babu wata hukuma da ke ba da wannan suna ko ta ƙwace shi. Duk wanda ya ga dama yana iya kiran kayansa haka, kuma wasu da suka fara a ɗaki ɗaya yau suna da ma'aikata da dama amma sunan bai bar su ba.

Kwamfiresa kuwa ba ta mai faci ba ce, ba kuma ta firji ba. Suna ne kawai ya zo ɗaya, domin dukansu matsewa suke yi. Ta gita sauti take matsewa, kuma fedal ce da akan saya a ajiye saboda mai ita ya taka bai ji wani abu ya canza ba.

Abin da kwamfiresa ke yi wa tsirkiya

Idan ka bugi tsirkiya, sautin yana fitowa da ƙarfi a farkon bugun, nan da nan ya faɗi, sannan ya yi ta sirancewa har ya ɓace. Haka kuma bugu biyu ba sa zuwa daidai: babban yatsa ya fi ɗan ali nauyi, tsirkiya mai kauri ta fi siririya ƙara. Ka ɗauka akwai mai sono zaune kusa da amfili, hannunsa a kan mamurɗin ƙara. Duk lokacin da bugu ya yi yawa sai ya rage, da sautin ya fara mutuwa sai ya ƙara. Aikin kwamfiresa ke nan, sai dai ita tana yin sa cikin kashi kaɗan daga cikin dubu na daƙiƙa, saurin da hannun mutum ba zai iya ba.

Abu na farko a aikinta shi ne iyaka, wato matakin ƙarar da in sauti ya wuce shi za a fara danne shi. Na biyu shi ne yawan matsin. Ana auna ƙara da desibel, ana kuma rubuta matsin kamar 4:1. Ma'anarsa, in bugunka ya haura iyaka da desibel 8, desibel 2 kawai za su fita. In aka kai 20:1 to kusan bango aka gina, komai ƙarfin hannunka ba abin da zai wuce. Bayan an danne tsaunukan sauti, sai a ɗaga shi gaba ɗaya don cike abin da aka rage, kuma a nan ne ƙananan sautuka ke tasowa su yi kusa da manya. Shi ya sa ake cewa kwamfiresa tana tsawaita sauti. Ba ta ƙara wa tsirkiya rai ko na daƙiƙa ɗaya, wutsiyar sautin da dā ba a ji ita ce ta ɗago.

Akwai kuma saurin kamu da saurin saki, waɗanda a jikin akwatin za ka ga an rubuta Attack da Release. Saurin kamu shi ya fi shafar makaɗi. In ta kama da sauri ƙwarai, za ta cinye “ƙas” ɗin farkon bugu, sautin ya fito sumul kamar an shafa masa mai. In ta ɗan jinkirta, “ƙas” ɗin ya riga ya wuce kafin ta kama, sai bugun ya ƙara fitowa fili. Fedal ɗaya ke nan yana iya kashe kaifin bugu ko ya wasa shi, ya danganta da inda ka murɗa. Sababbin samfura da yawa suna da wani mamurɗi na gauraya sautin asali da wanda aka matse, kuma ga mai kaɗawa da yatsu wannan mamurɗi ya fi kowane ƙari amfani.

Tana da illa guda da ba a iya raba ta da ita. Kwamfiresa ba ta san bambancin kiɗa da datti ba. Duk ƙaramin sauti ɗaga shi take yi, har da hucin waya mara kyau da gurnanin wutar lantarki. Da ka tsaya da bugu, sai ta ga wuri ya yi shiru, ta buɗe ƙarfinta duka, gurnanin ya cika bafle. Wanda ya saye ta don tsabtace sauti mai datti ya sayi abin da zai tona dattin.

Daga ɗakin rediyo zuwa ƙarƙashin ƙafa

Ba don gita aka ƙirƙiro ta ba. Tun shekarun 1930 gidajen rediyo ke amfani da irin wannan na'ura don kada ƙarar murya ta fi ƙarfin injin watsa shiri. Daga nan ta shiga ɗakunan ɗaukar waƙa, inda biyu suka yi fice a shekarun 1960: LA-2A, mai aiki da ɗan haske da wani ido da ke jin hasken, da kuma 1176 ta Bill Putnam da ta fito a 1967, wadda aka sani da saurin kamu.

Cikin shekarun 1970 kamfanin MXR na Amurka ya ƙanƙance aikin ya zuba shi a jan akwati mai mamurɗi biyu, Dyna Comp. Zuciyarsa wata ƴar ayisi ce, wato ɗan guntun haɗin lantarki, mai lamba CA3080. Kafin ƙarshen waɗannan shekaru wani kamfanin, Ross, ya ɗauki tsarin haɗin ya yi masa ƴan gyare-gyare ya fitar da nasa mai launin toka. Ross ya daina fita, tsofaffinsa suka yi tsada, sai a 2001 Robert Keeley na jihar Oklahoma ya fara haɗa nasa a kan tsarin Ross da kayan haɗi masu kyau. Wannan na Keeley yana cikin fedal ɗin da suka kafa kasuwar butik. A ɗaya ɓangaren Boss ya fitar da CS-3 a 1986 kuma har yau ana sayar da shi, Origin Effects na Ingila kuma ya bi sawun 1176 da nasa mai suna Cali76.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, wani daga wani yake ɗauka. Keeley daga Ross, Ross daga MXR. Haka abin yake a ɓangaren disto, inda ɗimbin fedal masu tsada jikokin Tube Screamer ne da Ibanez ya fitar a 1979. Kwaikwayo ba daga China ya faro ba.

Me ake saye da sunan butik?

Masu goyon bayan butik suna da hujjoji da ba za a yar ba. Akwatin ƙarfe ne mai kauri, ramukan waya da makunnin ƙafa masu jure taku, kayan ciki zaɓaɓɓu. A kwamfiresa musamman, kyawun tsarin haɗi yana rage huci, kuma wannan bambanci ne da kunne ke ji, na'ura ma tana aunawa. Da yawansu suna ba ka mamurɗai huɗu ko biyar inda tsohon samfuri ke da biyu. Wasu kuma sabuwar dabara ce tasu ta kansu wadda aka yi shekaru ana nema. Finnegan ya yi shekaru yana aikin Klon kafin ya fara sayarwa a 1994, ya haɗa wajen guda 8,000 da hannu, har yana zuba baƙin danƙo a kan allon haɗin don kada a kwafa. Wanda ya yi wannan wahala yana da dalilin neman ladansa. Su dai maganarsu ita ce araha ba ta ado.

Masu ja da wannan suna cewa kayan da ke cikin yawancin fedal, wato rezista da kondansa da tiransisto, ba su da tsada, kuma akasarinsu daga masana'antun Asiya ɗaya suke fitowa ko wane ne ya haɗa. An ga alamar haka a 2025, lokacin da Amurka ta ƙara harajin kayan China: ƙananan masu haɗa fedal na Amurka su ne suka fara kuka, har shugabar EarthQuaker Devices ta jihar Ohio ta je gaban kwamitin majalisar dattawan ƙasar ta yi bayani. A ganin wannan ɓangare, abin da ke ɗaga kuɗin butik shi ne ladan ma'aikaci a ƙasa mai tsadar rayuwa, ƙarancin adadin da ake haɗawa, fenti da zane, da kuma suna.

Suna kuwa yana da ƙarfi fiye da yadda ake zato. A watan Maris na 2023 Josh Scott, mai kamfanin haɗa fedal na JHS, ya saki bidiyo yana gwada wani tsohon fedal mai araha, DigiTech Bad Monkey, da Klon da wasu masu tsada, ya nuna ana iya saita su su yi kusa ƙwarai. Cikin ƴan kwanaki kuɗin Bad Monkey ya ninka sau da yawa a kasuwar tsofaffin kaya. Ba a canza ko waya ɗaya a cikinsa ba, magana ce kawai ta canza. Shi kansa Finnegan, da ya fitar da sabon samfurinsa KTR, sai da ya buga rubutu a jikinsa cewa zuzutawar da ake yi ba shi ya haddasa ta ba.

Akwai abubuwa biyu da ke ruɗar mai gwaji. Kunnen ɗan Adam yana ɗaukar abin da ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, kwamfiresa kuma tana da mamurɗin ƙara, don haka in mai sayarwa ya ɗaga shi kaɗan, duk wanda ya taka zai ce sauti ya gyaru. Na biyu, mamurɗan kansu ba sa fitowa daidai daga masana'anta, ana samun saɓanin da ya kai kashi 20 cikin ɗari, shi ya sa fedal biyu iri ɗaya da aka saita wuri ɗaya kan ɗan bambanta. Gwajin gaskiya shi ne a daidaita ƙarar biyun, ka juya baya, abokinka ya riƙa sauyawa ba ka gani.

In aka auna hujjojin biyu, na butik sun fi ƙarfi a maganar ƙarko da ƙarancin huci da yawan zaɓi. A maganar cewa akwai wani sirrin sauti da ba ya samuwa sai a akwati mai tsada, hujjar tana da rauni, balle a filin biki inda ganga da kalangu da injin wuta ke tashi tare.

Kwaikwayo daban, jabu daban

Joyo, Mooer, Donner da Caline kamfanonin China ne da ke kwaikwayon tsarin tsofaffin fedal su sa sunansu na kansu a jiki. Ka san abin da ka saya. Kariyar da doka ke ba sabuwar ƙirƙira takan ƙare bayan shekara 20, yawancin waɗannan tsare-tsare kuma sun haura shekara 40. Abin da doka ke ci gaba da karewa shi ne suna da tambari da kamannin kaya, kuma a kan wannan ne rigimar Klon da Behringer ta tsaya.

Jabu shi ne akwatin da aka rubuta Boss ko Keeley ko Klon a jikinsa alhali ba su suka yi shi ba. Shi ne haɗarin mai saye daga nesa, wanda hoto kawai aka turo masa a WhatsApp. Duk wanda ya yi maka tayin fedal mai babban suna, sabo a kwali, a kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗinsa, to ka nemi ganin cikinsa. Gara na kwaikwayo mai sunansa da jabu mai sunan wani.

Raunin masu araha ba a sauti ya fi yawa ba, a jiki ne. Wasu akwatin roba ne, makunnin ƙafa da ramin waya su ne ke fara sakewa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kuran, zafi da ƙura

Nan ne lissafin ɗan Damagaram ya rabu da na mai bidiyon da ke zaune a ɗaki mai sanyi a Turai.

Yawancin fedal suna cin wuta volt 9, kuma tsarin da Boss ya yaɗa har ya zama na kowa shi ne tsakiyar bakin adafta ta zama ta ragi, wato mai alamar –. Adaftocin da ke yawo a gidajenmu, na dikoda da makamantansu, galibi volt 12 ne kuma tsakiyarsu ta ƙari ce. Bakin yana shiga daram, shi ya sa kuskuren yake da sauƙi, kuma yana iya ƙone fedal nan take. Ɗan zanen da ke bayan adafta yana nuna wace ce a tsakiya. Haka kuma kuran ɗinmu volt 220 ne, na Amurka 120, don haka adaftar da ɗan'uwa ya aiko daga can sai an karanta an ga tana ɗaukar 100 zuwa 240 kafin a soka ta.

Wutar biki kuwa sau da yawa daga injin janareta take, tana hawa tana sauka, ga fitilu da firjin sanyaya ruwa duk a layi ɗaya. Tun lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take turowa, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, mutane suka ƙara dogara da injina da sola. Adafta mai araha tana wuce da dattin wannan wuta kai tsaye cikin sauti, kwamfiresa kuma ta ɗaga shi. Gitar da mikironta (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin gita) mai naɗi ɗaya ne, irin ƙirar Stratocaster da makaɗan ƙasar nan suka fi riƙewa, dama tana jawo gurnanin wuta da kanta. Mafita mafi sauƙi ita ce batir mai volt 9. Kwamfiresa ko disto na tsohon tsari ba sa cin abin da ya kai miliamfiya 10, batir mai kyau yana ɗaukar su awoyi masu yawa, kuma wutar batir ba ta da gurnani. Sai dai a tuna a zare wayar gita daga fedal bayan an tashi, domin soka wayar shi ne ke kunna batir. Fedal masu aiki da kwamfuta a ciki, irin na amsa-kuwwa na zamani, suna cin ɗaruruwan miliamfiya, batir ba ya yi musu.

Akwai abin da ya fi sauti muhimmanci. Tsirkiyoyin gita a haɗe suke da jikin amfili ta cikin waya. In babu wayar ƙasa a wurin, ko amfili da makirfo suna kan layi daban-daban, mawaƙin da ke riƙe da gita ya kai leɓe ga makirfo yana iya jin wuta ta ja shi, kuma abin kan wuce wasa. Babu fedal da ke maganin wannan. Aikin mai gyaran wuta ne ya kafa ƙarfe a ƙasa ya haɗa kayan.

Zafi yana da nasa. Fuz ɗin da aka fi zuzutawa, irin Fuzz Face na 1966 da masu kwaikwayonsa na butik, suna aiki da tiransisto na jamaniyam, wanda halinsa ke canzawa da ɗumi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Zinder ke haura digiri 40, fedal ɗin da ya yi daɗi da asuba yana iya komawa yana tari da la'asar. Mai tiransisto na silikon bai damu da wannan ba, kuma ya fi araha. Ƙurar hunturu ita kuma cikin mamurɗai da makunni take shiga, sai a fara jin ƙarar karce in an murɗa. Jaka mai zif da ɗan ƙyalle sun isa rage wannan.

Wani abin da masu butik ke tallatawa shi ne cewa in an kashe fedal, sautin gita yana wucewa ta waya zalla ba tare da ya taɓa komai ba. A ɗaki da gajeriyar waya abu ne mai kyau. A filin biki kuwa, inda waya kan kai mita 8 ko 10 kafin ta isa amfili, kaifin sauti yana zubewa a hanya, domin ƙarfin da mikiron gita ke fitarwa ba ya jure doguwar tafiya. Fedal ɗin Boss suna da wani ɗan haɗi da ke ƙarfafa sautin ko a kashe suke. Ga wanda ke jan doguwar waya, ko yake soka gita kai tsaye a miksar mai sono, wannan haɗin da ƴan butik suka daɗe suna kushewa shi ne ke cetonsa.

Ta dace da hannunmu?

Gurmi da garaya da molo da kuntigi duk sautinsu gajere ne, bugu ne ke ɗauke da kiɗan. Wane bugu ya yi nauyi, wane ya yi sauƙi, a nan zance yake. Makaɗin da ya tashi da wannan kunne ya ɗauki gita, hannunsa ma haka yake magana. Kwamfiresar da aka murɗa da yawa tana daidaita bugun sarki da na talaka, kiɗan ya yi sumul amma ya rasa tashi da faɗuwa.

A wani gefen tana da inda take taimako sosai. A salon gitar Agadez, babban yatsa yana riƙe da tsirkiya mai kauri yana maimaitawa, ɗan ali yana jan waƙa a sirara, hannun da ke kan wuyan gita kuma yana yawan buga sautuka da kansa ba tare da an kaɗa ba. Waɗannan na ƙarshe ba su da ƙarfi, sukan nutse ƙarƙashin ganga. Matsi kaɗan yana fito da su. Haka mai kaɗa salon Kwango, mai tsabtataccen sauti da gudun yatsu, yana samun daidaito da ɗan ƙyalli. Mai amfilin tiransisto ƙarami, wanda ke fashewa in an buga da ƙarfi, shi ma yana amfana domin an danne tsaunukan kafin su iso. Amma wanda kullum disto ɗinsa a kunne yake ba ya buƙatarta sosai, domin disto da kansa matse sauti yake yi.

A tuna kuma sautin da ake ji a bidiyo da faifan manyan makaɗa ya riga ya bi ta hannun injiniya, an matse shi a ɗakin ɗauka, an sake matsewa wajen haɗawa. Ba akwatin da ke gaban ƙafa ne kaɗai ya yi shi ba. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko, salon hannunsa ya riga fedal zuwa. Don haka ne malaman gita da yawa ke cewa ɗalibi ya yi atisaye ba tare da kwamfiresa ba, domin tana ɓoye rashin daidaiton yatsu, mai koyo ya ɗauka ya iya. Wanda kuma aikinsa a situdiyo ne da kwamfuta, manhajar ɗaukar sauti tana zuwa da kwamfiresarta a ciki kyauta.

In za a sa ta, wurinta kusa da gita ne, kafin disto da amsa-kuwwa. In ta zo bayansu, hucinsu za ta ɗaga. A fara da matsi kaɗan, a jinkirta kamu, a daidaita ƙara yadda a kunne da a kashe za su zo ɗaya.

Lissafin aljihu

Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. A shagunan Turai kwamfiresar kwaikwayo tana wajen yuro 30 zuwa 40, ta manyan masana'antu wajen 100, ta butik daga 150 har 400. Mai yuro 200 ke nan ta haura jaka 131 tun kafin ta taso, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar tun 2024 jaka 42 ne. Albashin wata uku bai biya ta ba. A kan wannan za a ɗora kuɗin aike da na duwan da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari. Hanya ma ta ƙara tsawo: tun bayan Yulin 2023 da hanyar Kwatano ta toshe, kayan teku suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso kafin su iso Yamai, daga Yamai kuma akwai wajen kilomita 900. Kano tana kusa, kilomita 240 ko makamancin haka, shi ya sa abin da ke kasuwar Kano shi ne yawanci ke zuwa hannun makaɗan Zinder, farashinsa kuma yana bin hawa da saukar naira.

Garantin da kamfanin butik ke alfahari da shi yana aiki ne in za ka iya mayar masa da kayan, kuɗin zuwa da dawowa kuwa na iya kai rabin kuɗin fedal ɗin. Ga ƙungiyar da ke rayuwa da kiɗan biki da suna, jaka 131 ɗin nan za ta iya sayen wayoyi masu kyau, sababbin tsirkiyoyi, adafta mai tace wuta, na'urar saita tsirkiya, kwamfiresa mai matsakaicin kuɗi, har a rage na gyaran amfili. Akwai kuma akwatunan da suka tara sautuka da yawa wuri ɗaya, irin na Zoom da Boss da Line 6, waɗanda ke ba mai farawa damar ɗanɗana kowane iri kafin ya san wanda yake so, ko da yake in suka lalace da wuya a gyara su a nan.

Wannan maganar gyara ita ce tambayar da ta kamata mai saye ya yi kafin ta suna. A kwance bayan akwatin a duba. In kayan ciki manya ne masu ƙafafu da suka ratsa allo aka like su da dalma, mai gyaran rediyo a kasuwar Dole zai iya ciro wanda ya ƙone ya sa wani, ya canza makunni ko ramin waya cikin yini ɗaya. In ƙanana ne kamar ƙwayar gero da inji ya manna a saman allo, sai mai gyaran waya da ke da iskar zafi da madubi. Ana samun kowane iri a masu tsada da masu araha, domin yau ƴan butik da yawa ma inji ne ke manna musu.